INA ƊAN KOLEJ ZAI SAMO LABARIN DA ZAI RUBUTA?

  

Hirarmu ta yau ta shafi ƴaƴanku da ke kolej da lise. Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin wannan abu. Yaro ya zauna da dare, ga fitila, ga kaye a buɗe, ga bik a hannu. Awa guda ta wuce bai rubuta ko layi ɗaya ba. In kun tambaye shi, sai ya ce: “Mushe ya ce mu rubuta labari, ni kuwa babu kome cikin kaina.” Wasu iyaye sukan ce ƙiwuya ce. Wasu sukan ce yaron ba shi da kai. Yau za mu duba abin da ke tare shi, da yadda malami ke buɗe masa hanya, da kuma naku aikin a gida.

AIKI BIYU NE

Karatun kolej shekara 4 ne. A ƙarshensa akwai jarrabawar BEPC. Cikin wannan jarrabawa akan ba yaro magana guda, a ce ya tsara rubutu a kanta da Faransanci. Wanda ya saba zama gaban farar takarda ba ya motsi, ranar nan zai sha wuya. Kuma amfanin abin ya wuce jarrabawa. Duk wanda zai rubuta wasiƙa, ko ya kai ƙara, ko ya ba da shaida, ko ya yi rahoton taron ƙungiyar manoma, labari ne yake tsarawa: me ya faru, me ya biyo baya, ina aka tsaya.

To, ku lura da kyau. Rubuta labari aiki biyu ne. Na farko samo labarin. Na biyu zuba shi a takarda da kalmomi masu kyau. Magini ba ya ɗora tubali sai ya tara ƙasa, ya kwaɓa, ya buga, ya shanya. Yaron da ya kasa rubutu, sau da yawa yana son ya yi aikin biyu a lokaci guda. Yana neman labari, yana kuma tsoron kuskuren Faransanci da jan bik na mushe. Tsoron nan shi ke kashe tunani tun bai tsiro ba.

Daga nan sai ya nemi hanya mai sauƙi. Ya kwafe labarin da ke cikin littafi, ko na abokinsa, ko wanda ya gani cikin wayar salula. Shi ya sa malami kan karɓi takardu masu yawa ya tarar duk labari ɗaya ne. Har akan sami yaron da bai taɓa fita daga Madawa ba yana ba da labarin ƙanƙarar da ke zuba a Faransa. Yana tsammani abin da ke cikin gidansu bai isa shiga takarda ba. Wannan tsammani shi ne malami ke fara cirewa.

ƘWAYAR LABARI

Kafin a aiki yaro neman abu, sai a nuna masa kamanninsa. Ku saurari wannan:

“Na tafi kasuwa. Na sayi hatsi. Na komo gida.”

Wannan magana gaskiya ce, amma ba wanda zai matso kusa don ya ji ta. Yanzu ku saurari wannan:

“Inna ta ba ni jikka guda in sayo hatsi. Kuɗin ke nan da suka rage a gidan. Da na isa gaban mai awo, na sa hannu cikin aljihu, na tarar babu kome.”

Na san abin da ke bakinku yanzu. Kuna cewa: “Sai me ya faru?” To, wannan tambaya ita ce alamar labari. Ƙwayar labari abu uku ce. Akwai wani mutum. Akwai abin da yake so. Akwai abin da ya tare masa hanya. Malami yakan rubuta tambayoyi uku a allo, su zauna nan har ƙarshen shekara:

Wane ne?
Me yake so?
Me ya tare shi?

Daga baya akan ƙara ta huɗu: me ya sake a ƙarshe? Ko mutumin ya samu, ko ya rasa, ko ya gane wani abin da da bai sani ba. Duk tunanin da yaro ya kawo, da waɗannan tambayoyi za a auna shi, kamar yadda ake auna hatsi da tiya.

JERI NA MINTI BIYAR

Hanya ta farko ita ce tonon abin da yaro ya riga ya gani. Malami ya ce a rufe littattafai. Kowa ya ɗauki takardar banza. Sai ya ce: “Ina ba ku minti 5. Ku jera ranakun da ba ku manta ba. Ranar da kuka ji tsoro. Ranar da kuka ji kunya. Ranar da aka zarge ku da abin da ba ku yi ba. Ranar da kuka fara shiga mota ku kaɗai. Kalma uku ko huɗu ta isa ga kowace rana. Kada ku goge kome. Ba ni karɓar wannan takarda, ba ta da maki.”

Yaro yana iya yin wannan jeri da Hausa, ko da Zabarmanci, ko da kowane harshen da yake tunani da shi. Faransanci zai zo daga baya. Tunani ya fi saurin fitowa da harshen da aka yi abin da shi.

In lokaci ya cika, sai a zauna biyu biyu. Kowa ya zaɓi rana guda ya ba ɗan'uwansa labarinta da baki. Mai saurare aikinsa tambaya. Wurin da ya ɗaga kai ya ce “sai me ya faru?”, sai mai labari ya yi alama a takardarsa. Nan ne zuciyar labarin take. Yaron da ya ce kansa babu kome, sai ga shi da abu goma a takarda, ɗaya kuma har an riga an gwada shi a kunnen mutum.

KAYAN GIDA SUNA DA BAKI

Hanya ta biyu ita ce kallon abu. Malami ya zo aji da wata tsohuwar ƙwarya wadda ta fashe aka ɗinke ta. Ya ajiye ta bisa tebur. Ya ce: “Wa ya fasa ta? Da gangan ko da kuskure? Ƙwarya ba ta da tsada, to don me mai ita ta ɗinke ta, ba ta jefar ba?” Wani yaro zai ce ta kayan aurenta ce. Wata yarinya za ta ce ta uwarta ce da ta rasu. Wani zai ce kishiya ce ta fasa. Ƙwarya ɗaya, labari uku, kuma kowane daidai ne.

Haka za a yi da makullin da ba a san ƙofarsa ba, da takalmi wari ɗaya a bakin gulbi, da tsohuwar rediyo, da wasiƙar da ba a buɗe ba. Wannan darasi ba ya cin ko dala. Yana koya wa yaro ya dubi abin da kowa ke wucewa, ya tambayi kansa yadda aka yi ya zo nan.

TSOFAFFI SU NE BABBAR RIJIYA

Hanya ta uku ita ce ta fi shafarku, don haka za mu daɗe a kanta. Malami ya aiki yara gida su yi hira da wani babba. Ƙasarmu tana cike da shekarun da mutane ba su manta ba. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. A 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka hau tudu suka sake gini. Ranar 3 ga Agusta 1960 aka sami ƴancin kai. An yi babban fari a 1973 da 1974, aka sake wani a 1984. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. A 1994 aka karya darajar sefa. Littafin tarihi zai ba yaro shekara. Amma abin da gidanku ya ci a shekarar, da wanda ya tafi bai komo ba, da saniyar da aka sayar da hawaye, wannan babu shi cikin kowane littafi. Yana cikin bakinku. Abin da ya girme ku ma, kun ji shi daga iyayenku.

Sai dai tambaya tana da dabara. In yaro ya ce: “Kaka, ba ni labarin fari,” tsohuwa za ta ce: “An sha wuya, Allah kada ya maimaita.” Shi ke nan, magana ta ƙare. Malami yana koya wa yara ƙananan tambayoyi. “Kaka, ranar da kuka bar garin, me kika ɗauka a kanki? Wa ya yi muku rakiya? A ina kuka kwana daren farko? Me kuka fara ci?” Ƙaramar tambaya ita ke jawo dogon labari, kamar yadda siririyar igiya ke jawo guga cike da ruwa.

Manyan marubutan ƙasar nan daga wannan rijiya suka sha. Bubu Hama, wanda aka haifa a 1906 a Foneko kusa da Tera, malamin makaranta ne tun farko. Ya yi shekaru yana tattara tarihi da tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi. Littafinsa Kotia-Nima, wanda ya ɗauko daga rayuwarsa ta ɗan ƙauye da aka kai makarantar Nasara, ya ci babbar kyautar adabin Afirka. Abdullahi Mamani kuma ya ɗauki labarin Sarauniya ta Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899. Labarinta a bakin mutane ya fi zama. Ya ƙara da nasa tunani, ya fitar da littafi a 1980. A 1986 aka mai da littafin fim, mutanen ƙasashe da yawa suka gani. A Yamai ma, tun 1968 aka kafa cibiya ta musamman don tattara tarihin baka. Ku gani, abin da masana ke bi gari gari da na'urar ɗaukar magana suna nema, shi ne ɗanku yake da shi kyauta a zauren gidansu.

KARIN MAGANA DA TATSUNIYA

Hanya ta huɗu ita ce aro daga abin da kowa ya sani. Karin magana labari ne da aka naɗe. Aikin yaro ya warware shi. Malami ya rubuta a allo: “Ramin mugunta a gina shi gajere.” Ya ce: “Wa ya gina ramin? Don wa? Yaya aka yi ya faɗa ciki?” Sharaɗi guda ne: labarin ya faru a zamaninmu, a wurin da yaron ya sani, a tasha, ko a bakin famfo, ko cikin aji.

Tatsuniya ma haka. Kowa ya san Gizo da wayonsa. Amma wa ya taɓa tambayar Ƙoƙi yadda take ji da zama da irin wannan miji? Malami ya ce: “Ku sake ba da labarin, amma Ƙoƙi ce ke magana.” Ko kuwa Kura ta kawo ƙara gaban alƙali, ta faɗi nata gefen. Da an sake mai magana, tsohon labari ya zama sabo.

Wani zai ce wannan ai sata ce. A'a, akwai bambanci. Abubakar Imam yana saurayi, yana koyarwa a Katsina, ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce. Labarai da yawa na cikinsa ya samo tushensu daga littattafan Larabawa da na Turawa da tatsuniyoyin gida. Amma ya sake musu gari, ya sake musu mutane, ya sa musu bakin Hausa. Wanda ya ari iri ya shuka a gonarsa, ya yi noma, amfanin nasa ne. Wanda ya ɗauke damen wani daga gona, shi ne ɓarawo. Yaron da ya kwafe rubutu kalma da kalma ya sa sunansa, dame ya ɗauka.

DA A CE

Hanya ta biyar gajeruwa ce, yara kuma suna sonta. Malami ya ɗauki ranar yau da kullum ya karkata abu guda. Da a ce rijiyar gari ta ƙafe ranar bikin ɗiyar maigari? Da a ce ka tsinci salula a hanya, tana ta ƙara, ka ɗauka ka ji muryar mushenka? Da a ce jakin amalanke ya ƙi tafiya, ga mai naƙuda a ciki? Yara su kawo nasu. Ba a yi wa kowa dariya. Wanda ya fi kama da shirme, wani lokaci shi ke haifar da labari mafi daɗi.

ZAƁE DA RAGEWA

Yanzu yaro yana da abu da yawa. Saura zaɓe. Manomi yana zuba ƙwaya da yawa a rami, amma in shuka ta fito sai ya cire wasu ya bar masu ƙarfi. Daga cikin goma yaro ya ware uku. Ya auna kowane da tambayoyin nan na allo. Wanda ba shi da abin da ya tare hanya, a ajiye shi. Daga cikin sauran ya ɗauki wanda shi kansa yake ɗokin faɗi.

Sannan a rage masa faɗi. Yara suna son su zuba shekara guda cikin shafi ɗaya. “Hutun damina a ƙauyenmu” ya yi yawa. “Daren da akuyarmu ta ɓace” ya isa. Sai yaro ya rubuta layi uku kawai: yadda abin ya fara, wurin da ya fi tsanani, yadda ya ƙare. Ya ƙara abu biyu da ido ya gani, abu ɗaya da kunne ya ji, da magana guda da wani ya faɗa. In ya yi wannan, tubali ya bushe. Yanzu ne lokacin gini da Faransanci, da neman kalmomi, da gyaran kuskure.

ABIN KIYAYEWA

Labarin gida amana ne. Yaro ya nemi izini kafin ya rubuta abin da babba ya gaya masa. Ya sake sunayen mutane da na gari in abin yana da nauyi. Asirin maƙwabci ba abin kai wa aji ba ne. Malami kuma ba ya tilasta wa yaro ya rubuta abin da ke yi masa ciwo. Maraya yana da ikon ya zaɓi wani labari daban. Kuma ba a karanta takardar yaro gaban aji sai da yardarsa. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya yana iya rufe bakinsa shekara guda.

NAKU AIKIN

Iyaye, kada ku ce ba ku jin Faransanci, don haka ba ruwanku. Rabin aikin nan da Hausa ake yinsa, kuma a hannunku yake.

In ɗanku ya zo da tambaya, kada ku ce masa ya cika surutu. Ku ba shi lokaci bayan sallar lisha, ku amsa masa. In ya ce ba shi da abin rubutawa, ku ce: “Ba ni labarin da baki tukuna.” Ku saurara. Ku tambaye shi: “Sai me ya faru?” Wannan tambaya ba ta bukatar takardar shaida.

Ku tuna da ƴan mata. Yarinyar da ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, in dare ya yi barci ne ke ɗaukarta bisa kaye. Ga shi kuwa ita ce ta fi kowa jin labarai, a bakin rijiya da wurin daka da ɗakin kaka. Ku rage mata aiki ko na rabin awa, ku bar mata fitila.

In da hali, ku saya wa yaro ƙaramin kaye daban, wanda mushe ba zai sa wa jan bik ba. Ya zama rumbunsa. Duk abin da ya gani ko ya ji wanda ya tsaya masa a rai, ya rubuta layi ɗaya. Mai rumbu ba ya tsoron baƙo. Ranar jarrabawa, ko wace magana aka ba shi, yana da abin ɗebowa.

Ku ma wannan darasi naku ne. Kun koyi baƙaƙe, kun iya rubuta sunanku, kun iya lissafin kasuwa. Da a da ne, abin da kuka gani a duniya sai wanda ya zauna kusa da ku zai ji shi. Yanzu hannunku ya iya ajiye shi. Jikan da ba a haifa ba tukuna yana iya karanta shi.

AIKIN WANNAN MAKO

Ga abin da za ku yi a ajinku tare da malaminku:

1. Kowa ya jera ranaku 5 da bai manta ba. Kalma uku ta isa ga kowace.
2. Ku zauna biyu biyu, kowa ya ba da labarin rana guda da baki.
3. Ku amsa a rubuce: Wane ne? Me yake so? Me ya tare shi?
4. Ku rubuta labarin cikin layi 6 ko 7. Kada tsoron kuskure ya tsai da ku.
5. In kun koma gida, ku karanta wa ɗanku ko ɗiyarku. Sannan ku ce shi ma ya karanta muku nasa.

Ku tattauna kuma a kan wannan tambaya: a garinku, wane tsoho ko wace tsohuwa ce ta fi kowa sanin labarin da? Wa zai tafi ya rubuta abin da ke bakinsu, kuma yaushe?

Nan za mu tsaya yau. Allah ya ba ƴaƴanmu sa'ar karatu, ya ƙara mana juriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.